Bagwari a Cikin Wasa, Bagwari a Cikin Birni



Makon jiya wata hidima ta zumunci ta kai ni Suleja, na sauka a gidan ƙanwata na kwana biyu. A daren farko, bayan mun yi sallar isha'i mun ci tuwo, sai na riƙa jin ɗanta, wani saurayi ɗan jami'a, yana ta gardama cikin Turanci a ɗakinsa, alhali kuwa ban ga wanda ya shiga wurinsa ba. Da abin ya yi yawa na leƙa, sai na tarar da shi shi kaɗai a gaban kwamfuta, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ga kuma wani ƙaton dodo koren fata mai haure biyu yana tsaye a kan allon, a bakin ƙofar wani birni mai ganuwa.

Na ce, "Kai, da wa kake faɗa cikin daren nan?"

Ya cire abin kunnen ya ce, "Kawu, wasa muke yi da abokaina ta intanet. Wannan dodon ni ne."

Na ce Allah Ya sawwaƙe. Ya yi dariya, ya jawo mini kujera, ya shiga yi mini bayani. Wai a cikin irin wannan wasa an ƙago wata duniya ce mai ƙabilu iri-iri, akwai 'yan Adam, akwai wadanni masu haƙar ma'adinai, akwai wasu masu dogayen kunnuwa mazauna kurmi, akwai kuma irin nasa da ake kira Ork, mutanen daji masu zama dangi-dangi ƙarƙashin shugabannin yaƙi. Kowane ɗan wasa zai zaɓi ƙabila, ya raɗa wa mutuminsa suna, ya ƙago masa tarihi, sa'an nan ya riƙa magana da aiki kamar shi ne wannan mutumin. Abin da ya haɗa su gardama kuwa shi ne, ya kawo dodonsa birni domin ya koyi ƙira ya zauna. Rabin abokansa sun ce tun da ya ajiye gatari ya sa riga yana gaishe da dogarai, to, ya ɓata wasa, ya tashi daga Ork. Ɗaya rabin kuma sun ce muddin zai riƙa shiga kasuwa da warki yana yi wa mutane tsawa, ba su ga dalilin da zai sa masu gadin ƙofa su bar shi ya kwana cikin gari ba. Ya ce, "Kawu, in na zama ɗan birni na rasa kaina, in na riƙe halin gida a kore ni. Yaya zan yi?"

Na yi shiru ina dubansa. Yaro an haife shi a Suleja, ya girma yana hangen Dutsen Zuma, doyar da ya ci da rana daga gonar Bagwari ta fito, amma sai da ya je wata duniyar ƙarya kana ya gamu da wannan tambaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan maganar ke nan yau.

Bari mu fara da asalin wasan, domin dattawa irina su san abin da jikokinsu ke ciki. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan da suka kira Dungeons & Dragons. A kan tebur ake yinsa, da takarda da fensir da 'yan ƙwayoyi masu lamba irin na ludo. Mutum guda yana ba da labari, sauran kuwa kowa yana faɗin abin da mutuminsa zai yi. Daga nan abin ya yaɗu har ya shiga kwamfuta, ya haifi irin su World of Warcraft da aka fitar a 2004, inda dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke haɗuwa cikin gari guda na ƙarya. A tsofaffin littattafan wasan an rubuta wa kowace ƙabila halinta tun daga haihuwa: wannan mai hikima ce, waccan mai son dukiya, su Ork kuwa mugaye ne masu ƙarancin tunani. An daɗe ana kuka da wannan tsari, har a 2020 kamfanin da ke da wasan, watau Wizards of the Coast, ya fito fili ya amsa cewa yadda aka siffanta wasu daga cikin ƙabilun nan ya yi kama da yadda ake wulaƙanta al'ummomi na gaske a duniya. A ƙarshen 2022 suka ba da sanarwar daina amfani da kalmar da Turawa ke rarrabe launin fatar mutane da ita, suka maye gurbinta da wadda ke nufin jinsin halitta, kuma a kan haka sabon littafinsu na 2024 ya fito.

To, in masu ƙaga dodanni sun ga ya kamata su gyara wa dodo mutuncinsa, ina ga mu da muke kwaikwayon maƙwabtanmu masu rai?

Garin da yaron nan yake zaune ya fi kowane wasa cika da wannan labari. Sa'ad da jihadi ya ci birnin Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka a Zuba, ƙasar Koro. Makau ya rasu wajen yaƙi a Lapai cikin 1825, aka naɗa ƙanensa Abu Ja, wanda ya kafa garin Abuja a 1828, ya kuma kewaye shi da ganuwa. Watau mutanen da muke kira 'yan birni a wannan yanki su ne baƙin. Gwari da Koro da Gade su aka tarar. Zaman kuma bai kasance na lumana kullum ba, domin Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, laƙabinsa Dodon Gwari. Na gaya wa ɗan ƙanwata ya lura da wannan laƙabi da kyau. A wasansu mutumin daji shi ne dodo. A nan kuwa, in ka tsaya a kan dutse inda Bagwari ya kafa ƙauyensa don gudun mahara, daga cikin ganuwa dodon yake fitowa. Kowa da inda ya tsaya yake hangen nasa dodon.

Duk da haka an zauna, an yi ciniki, an yi auratayya. Malam Hassan, Dallatun Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi, waɗanda suka rubuta tarihin Abuja da Hausa har aka fassara shi da Turanci aka buga a 1952, ba su tsaya a kan sarakuna kaɗai ba, sun rubuta al'adun Gwari da Gade da Koro, domin sun san ƙasar ba ta cika sai da su. Harshenmu ma shaida ne. Tumatir da tattasai da attaruhu muna kiransu kayan gwari, masu sayar da su kuma 'yan gwari, ko da Bakano ne ko Bakatsine. In muna son a warware mana magana dalla-dalla sai mu ce a yi mana gwari-gwari. Amma kuma in jariri yana koyon magana, ko wani ya faɗi abin da ba a fahimta ba, sai mu ce yana gwaranci. Kun ga a cikin kalma guda mun yaba wa manomi, a cikin wata mun mai da harshensa maganar goyo. Sunan ma namu ne muka laƙaba musu. Su Gbagyi suke kiran kansu.

In ana neman wanda ya shigo birni daga ƙauye bai zubar da kayansa a ƙofa ba, ba sai an je ƙasar dodanni ba. A zaro takardar naira ashirin a juya bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a hannun gwaggonta kamar yadda 'yan matan ƙasarsu ke koyo, da hannu, ba na'ura. Tulunanta sun yi kyawun da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara su a fadarsa, a can ne kuma wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da Baturen ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta wancan zamani, watau Suleja ta yau, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juyi, ta koyi shafa wa tukunya ruwan ƙyalli, ta koyi gashi a murhu mai tsananin zafi. Amma manyan tulunanta ta ci gaba da gina su da hannu irin na gida, tana zana musu ƙadangare da kunama da kada da kifi da hawainiya kamar yadda ta gada. Aka nuna aikinta a Landan, ta zaga Amurka tana gwada wa ɗalibai, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a Minna cikin 1984.

Sai dai akwai wani abu a labarin tulun Ladi wanda masu yabo ba su cika faɗa ba. Tulun ƙauye yana sanyaya ruwa ne domin jikinsa yana tsatsafowa, iska na bugunsa. Da aka shafe shi da ƙyalli aka gasa shi ya yi tauri kamar dutse, sai ya yi nauyi, ya daina tsatsafo, ya tashi daga abin ɗebo ruwa ya koma abin ado a zauren masu kuɗi. Siffar tana nan, zanen yana nan, darajar ma ta ninka, amma aikin da aka san tulu da shi ya tsaya a ƙauye. Na ce wa yaron, ga amsar rabin gardamarku. Ba wanda ke shiga birni kyauta. Abin tambaya shi ne me ka biya, me ka riƙe, kuma kai ka zaɓa ko zaɓa maka aka yi.

Wannan magana ta zaɓi ita ta kawo mu 1976. Ran 3 ga watan Fabrairu na shekarar nan Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar cewa Gwamnatin Tarayya ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko a kawo shi tsakiyar Nijeriya. Aka yanki ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,000, mafi yawanta daga Jihar Neja. Ladi ita ta tafi birni da ƙafarta. Su kuwa mutanen Wuse da Garki da Maitama birni ne ya zo ya same su a gona. Da farko an yi niyyar kwashe mazauna yankin gaba ɗaya, da aka ga yawan kuɗin da abin zai ci sai aka sauya shawara a 1978, aka ce sai waɗanda aiki ya biyo ta kansu. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna, wasu aka kai su Kubwa, ƙauyen Garki kuwa aka bar shi a inda yake, benaye suka kewaye shi. Ran 12 ga watan Disamba 1991 gwamnati ta tare a sabon birni.

Abin lura a nan shi ne, har 'yan birnin da ba su tsira ba. Garin Abu Ja ya ba da sunansa ga sabon babban birni, ya ɗauki sunan Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Jikokin waɗanda suka gina ganuwa sun wayi gari su ne na gefe, garinsu ya zama makwancin ma'aikata da leburori da direbobi masu sammakon tafiya Abuja su komo da dare. Wanda jiya yake ce wa wani baƙauye, yau ga shi a bakin titin Maitama ana yi masa kallon baƙauye. Masu iya magana sun ce gaba da gabanta.

Shi kuwa Bagwarin yau, wane irin zama yake yi? Duk wanda ya san Diko ko Ushafa ko Karu ya san mutumin da ke aikin ofis daga Litinin zuwa Jumma'a, ran Asabar kuma yana cikin kunyar doya. Da uwarsa yana Gbagyi, a kasuwar Suleja yana Hausa, a ofis yana Turanci, bai kuwa rikice ba. Akwai Musulmi a cikinsu, akwai Kirista, sau da yawa a gida ɗaya. Tsohuwa tana nan tana ɗaukar itace a kafaɗa, domin a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya, jikarta kuwa tana karatun lauya. Abin da ke ci musu rai ba riga ba ce ko harshe. Ƙasa ce, da kaburburan iyaye, da kuma murya a wurin da ake yanke shawara. Ɗan asalin Yankin Babban Birnin Tarayya ba shi da gwamnan da zai zaɓa, ba shi da majalisar jiha, sai sanata ɗaya da wakilai biyu a Majalisar Tarayya, kuma sai a 2023 aka naɗa ɗan asalin yankin minista, watau Zephaniah Jisalo. Wanda yake tsammanin maganar wane ne mai gari wasa ce, ya tuna da ranar Kirsimeti ta 2017 a Bwari, inda rikicin da mutane da yawa suka danganta da gardamar sarautar garin ya kai ga ƙone kasuwa, har hukuma ta sa dokar hana fita.

Yanzu sai mu komo kan namu wasannin, domin shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan gauta matan fada ne ke shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu a gaban idonsu, mai hankali ya ga aibinsa ya gyara. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, su yi mulkin 'yan kwanaki. Ga tashe cikin watan azumi, ga 'yan kama masu shigar malamai. In kun duba za ku ga yawancin waɗannan wasanni na ƙasa ne ke taɓa na sama, cikin izinin da al'ada ta bayar. Barkwancin ƙabilu kuma, irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezage, ko Gobirawa da Yarabawa, ƙa'idarsa ita ce kowa yana da bakin ramawa. In ka ce wa Babarbare bawanka ne, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa, ku yi dariya ku rabu.

Amma Ɗan Gwarin da muka saba gani a wasannin ban dariya na bidiyo fa? Kullum ga shi da guntun wando da karyayyar Hausa, ya shigo birni an cuce shi, ko ya ji magana ya fahimce ta a karkace. Ban ce kada a yi dariya ba; ni ma na yi. Marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana ba mu dariya da Hausar barikin soja a wasan Samanja, amma Samanja mutum ne cikakke, yana da gida, yana da fushi da tausayi, shi ma ya san bariki daga ciki domin ya yi soja. Ɗan Gwari kuwa ba mu taɓa ganin gonarsa ba, ba mu san sunan uwarsa ba, ba mu taɓa jin ya yi magana da harshensa inda shi ne gwani mu ne masu gwaranci ba. Wasa ne wanda ɗaya ɓangaren ba shi da bakin ramawa, domin ba shi ya rubuta ba. Yaron da ya tashi bai san Bagwari ba sai wannan, ran da ya zama jami'in filaye aka kawo masa takardar ƙauyen da za a tasa, da wane ido zai dube ta?

Saboda haka ga abin da na gaya wa ɗan ƙanwata, wanda kuma nake gaya wa marubutan wasanninmu na telebijin da na bidiyo. Da farko, kada ka fara da tambayar yaya ƙabilar kaza take. Fara da wane ne wannan mutumin. Ɗan wa ne, me suke nomawa, me ya fito da shi daga gida, wa yake aika wa kuɗi a ƙarshen wata, da wane harshe yake ƙirga kuɗin, da wane yake yin mafarki? Na biyu, ka san abin da ya ajiye a ƙofar gari da abin da ya rantse ba zai ajiye ba, kamar yadda Ladi ta karɓi murhun Bature ta riƙe ƙadangarenta. Na uku, ka bar shi ya riƙa komawa gida, a yi masa gorin ya zama ɗan birni, ya dawo birni a yi masa gorin ƙauyanci, domin a tsakanin gorin nan biyu yawancinmu muke zaune. Na huɗu, kada ka bar birnin yadda ya same shi. Garin da baƙo ya shiga ya zauna shekara ashirin bai koya wa kowa kalma ɗaya ba, bai canza abin da ake sayarwa a kasuwa ba, wannan gari babu shi a duniya. Ai ga kayan gwari nan a cikin miyar kowa.

Yaron ya ce shawarar ta yi, sai dai abokansa suna Jamus da Birazil, ba su san Gwari ba. Na ce ai kai ma ba ka san su ba. Na tambaye shi ko ya iya gaisuwa da Gbagyi, ya ce a'a. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga makarantar tukwanen nan da ke ɗauke da sunan Ladi Kwali, wadda ke cikin garinsu, ya sunkuyar da kai. Ya san sunayen dangogin Ork da tarihin yaƙe-yaƙensu a ka, amma abokin karatunsa Bagwari da suka yi shekara shida a aji ɗaya bai taɓa tambayarsa sunan ƙauyensu ba. Laifin kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, namu ne da ba mu kai shi ba.

Kashegari da safe na sa shi ya raka ni kasuwa. Muka tsaya wurin wata dattijuwa mai doya, na ce ya tambaye ta yadda ake ina kwana da harshensu. Ta faɗa masa, ya maimaita, matan da ke wurin suka fashe da dariya, ta sake faɗa, ya sake karkata shi. Sai da ya yi sau huɗu kana ta gyaɗa kai, ta ƙara masa doya ɗaya a kan wadda muka saya. A hanya ya ce mini, "Kawu, yau ni na yi gwaranci." Na ce to, ka riƙe yadda ka ji sa'ad da suke dariya, da yadda ka ji sa'ad da ta ƙara maka doyar, ka kai wa dodonka.

Allah Ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu san darajar waɗanda muka tarar da waɗanda suka tarar da mu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.